Kafin Mota Ta Tashi: Aikin Ungozoma a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, in ba a tare shi ba, awa biyu na iya isa ta rasu. Wadda jijjiga ta kama takan kai kwana biyu. Wadda naƙuda ta cije mata, ɗa ya ƙi fitowa, tana iya jan kwana uku, mai zazzaɓin jego kuwa har kusan mako. Wannan ƙiyasi ne da aka daɗe ana koya wa ɗaliban aikin ungozoma, kuma ba a ce kowace mace haka za ta yi daidai ba. Amma duk wanda ya san hanyoyin burji da suka haɗa ƙauyukan Rogo da titin kwalta, ya san yadda suke komawa a watan Agusta, in ya ɗora wannan lissafi a kansu zai ga inda gizo ke saƙa.

Ƙaraye da Rogo su ne ƙarshen jihar Kano ta yamma maso kudu. A ƙidayar 2006 Ƙaraye tana da mutum kimanin 140,000, Rogo kuma sama da 220,000, yau kuwa sun ƙaru nesa ba kusa ba. Rogo ta yi iyaka da jihar Kaduna ta wajen Maƙarfi, ta kuma jingina da jihar Katsina, har mutumin wasu ƙauyukanta ya fi ganin Zariya kusa da shi a kan birnin Kano. A ƙasar Ƙaraye ne madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, ta kawo kamun kifi da noman rani, ta kuma sa wasu garuruwan sai an yi zagaye kafin a kai gare su. Tun 2024 ƙananan hukumomin biyu ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye. Ƙasa ce ta masara da dawa da rake, ƙasar mutane masu yawan haihuwa, kuma galibin haihuwar a ɗaki ake yin ta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Kano baki ɗaya, da birni da ƙauye, kusan haihuwa ɗaya ce cikin biyar ake yi a asibiti.

A al'adar gidajenmu, ungozomar gargajiya ba karɓar haihuwa ce babbar sana'arta ba. Mace takan durƙusa ita kaɗai, ko da uwar miji ko wata dattijuwa a bakin ƙofa, sai an ji kukan jariri a aika yaro ya kira tsohuwa. Ita ce za ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya, ta gasa cibiya, ta tsaya kan wankan jego. Aiki ne mai daraja, kuma mafi yawan lokuta komai yakan tafi lafiya, shi ya sa mutane ba su ga dalilin canza shi ba. Sai dai a cikin kowace mata ɗari masu ciki, kimanin 15 za su gamu da tangarɗar da ke bukatar gwani, kuma ba kullum ake iya nuna su da yatsa tun kafin ranar ba. A nan ne ungozomar da ta yi makaranta ta bambanta da tsohuwar unguwa: an horar da ita ne domin waɗannan 15 ɗin.

Hujjar farko mai ƙarfi a kan wannan daga maƙwabta ta fito. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, suka wallafa sakamakon a 1985. Abin da suka gani shi ne, matan da suka yi awo suka zo haihuwa a kan lokaci, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Gawarwakin kusan duka na waɗanda aka kawo ranga-ranga ne, ba su taɓa zuwa awo ba, an kwana biyu ana fama a gida. Daga baya wani nazari kan asibitocin jihar Kano na shekarun 1990 zuwa 1999 ya samu mutuwar mata sama da 2,400 a kowace haihuwa 100,000, jijjiga ce kan gaba, sai fashewar mahaifa da ƙarancin jini. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya a wannan shekarar ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Jini

Zubar jini ne ya fi kowa gaggawa, kuma shi ne ya fi yaudara. Mai jego dole ta zubar da jini, kowa ya san jinin biƙi, har wasu tsofaffi na ganin fitarsa da yawa alheri ne, wai dattin ciki ne ke fita. To yaushe ya zama ɓarna? Litattafai sun ce in ya kai rabin lita. Amma wa ke auna rabin lita a jikin zani da tsumma da tabarma, da fitilar waya a hannu? Ko a asibiti ido ne ke ƙiyasi, idon kuwa kullum ragewa yake yi.

Wannan tambaya ce ta haifi binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya 'yar gida ce, Farfesa Hadiza Shehu Galadanci ta Jami'ar Bayero. Kayan aikin bai taka kara ya karya ba: wata leda ce da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, ƙasanta kamar mazurari, an yi mata layuka na awo. Jini na taruwa, ungozoma na kallon layi. In ya kai layin, ba a jira a gwada magani ɗaya a ga ko zai yi ba. A cikin minti 15 ake haɗa komai: a murza mahaifa ta saman mara, a ba da allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tiranekzamik mai hana jini tsinkewa, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya ƙi a kira na gaba. A asibitocin da suka bi wannan tsari an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, a sauran kuwa kashi 51 kawai. Zubar jini mai tsanani da aikin buɗe ciki da mutuwa, in aka haɗa su, sun ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Abin lura shi ne kusan duk matakan nan aikin hannun ungozoma ne. Ba sa bukatar ɗakin tiyata. Asibitin mazaɓa a Yammedi ko Turawa ko Zoza, in da ma'aikaciya da kaya, zai iya yin su. Mafi yawan zubar jini, wajen kashi 70 cikin ɗari, mahaifa ce ke sakin jiki ta ƙi tsukewa bayan ɗa ya fita, musamman ga wadda ta yi haihuwa da yawa, ko ta haifi tagwaye, ko ta sha doguwar naƙuda. Ungozoma ta san ta yi allurar oksitosin cikin minti ɗaya da fitowar jariri, tun jinin bai fara ba. Ta san ta shimfiɗa mabiyiya ta duba ko wani yanki ya ɓalle ya zauna a ciki. Ta san cikakkiyar mafitsara kan hana mahaifa tsukewa, sai ta sa roba ta zubar da fitsarin. In duk an yi jini bai tsaya ba, ta sa hannu ɗaya ciki ɗaya waje ta matse mahaifar, ta riƙe haka ko da a cikin mota ne.

Sai dai oksitosin yana da nasa hali: zafi na kashe shi. Sanyin firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da watan Afrilu kan haura digiri 40, wuta kuma sai an ga dama. Ana iya yi wa mace allura biyu, uku, ashe ruwa ake ɗirka mata. Shi ya sa firjin sola na allurar rigakafi ya zama abokin ɗakin haihuwa, shi ya sa kuma aka samar da kabetosin mai jure zafi, wanda wani babban bincike da Nijeriya ke ciki ya nuna a 2018 cewa yana hana zubar jini kamar oksitosin. Akwai kuma ƙwayar misofrostol, wadda Nijeriya ce ƙasar farko da ta yi wa rajista domin zubar jinin haihuwa a 2006, aka kuma gwada raba ta ga mata a ƙauyukan Zariya domin masu haihuwa a gida. Ƙwaya uku ake sha, bayan ɗa ya fito, bayan an tabbatar ba wani a ciki.

A nan dole a tsaya a faɗi wata magana mai ɗaci. Oksitosin da misofrostol, da ke ceton rai bayan haihuwa, su ne ke fasa mahaifa in aka ba da su kafin haihuwa ba bisa ƙa'ida ba. Naƙuda ta yi tsawo, sai a kira mai kemis ko wani ɗan unguwa da ya taɓa aiki a asibiti, ya zo ya yi abin da ake kira allurar naƙuda. In ƙugu ne ya yi wa ɗa kaɗan, ko ɗa ya kwanta a gicciye, mahaifa za ta yi ta matsa abin da ba shi da hanyar fita har ta tsage. Sai ciwo ya lafa farat ɗaya, 'yan ɗaki su ce an samu sauƙi, alhali jini ne ke zuba a cikin ciki. Ni a ganina, duk wa'azin da za a yi wa mazauna karkara kan zuwa asibiti, in ba a haɗa da hana wannan allura ba, an bar baya da ƙura.

Kuma rabin lita ba ɗaya ba ne ga kowa. Matar da ta shiga naƙuda da isasshen jini za ta zubar da shi ta tashi ta sha kunu. Wadda zazzaɓin cizon sauro da rashin cima suka riga suka tsotse, tafin hannunta fari fat, wannan rabin litar ce ajalinta. Saboda haka ƙwayoyin ƙarin jini da Fansidar da gidan sauro da ake bayarwa wurin awo, waɗanda mata da yawa ke jefawa ƙarƙashin katifa don suna tayar musu da zuciya, su ne tushen maganin zubar jini tun wata huɗu kafin ranar. A garuruwan bakin dam da wuraren noman rani, inda sauro ba ya tafiya hutu da rani, maganar ta fi nauyi.

Jijjiga

In jini yaudara yake yi, jijjiga tsoro take bayarwa. Yarinya mai cikin fari, wata takwas ko tara, ta kwana biyu tana kukan ciwon kai, fuska da hannu sun kumbura, tana ganin wasu taurari-taurari, ƙahon zuci na mata zafi. Sai kawai ta faɗi tana karkarwa, ido ya juye, ta tauna harshe. Wanda bai taɓa gani ba zai rantse iska ce. Sai a kawo hayaƙi, a tura cokali a baki, a ɗura rubutu ga wadda ba ta cikin hayyacinta, ruwan ya bi ta huhu. Ba wanda ya ce a bar addu'a. Amma a tofa mata a hanya, tana kwance ta gefen hagu, ba a sa mata komai a baki ba.

Ciwon nan hawan jini ne na masu ciki, kuma yana yin sallama kafin ya shigo. Awon jini ya kai 140 bisa 90, an tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari an ga furotin, to an gan shi. In ya kai 160 bisa 110 an shiga haɗari. Abin awon jini da tsinken fitsari, su ke nan kayan aikin. Wannan ne ya sa awon da ake zuwa a karɓi kati a shafa ciki a tafi, ba a ɗaura wa mace abin awo a dantse ba, sunansa kawai awo.

Labarin maganinsa labarin Kano ne. Shekara da shekaru da diyazefam ake kwantar da mai jijjiga a asibitocinmu, ya sa ta barci, ya sa jaririn barci, jijjigar kuma ta dawo. Tun 1995 bincike ya tabbatar da magnesiyam salfet ya fi shi, a 2002 wani binciken ya nuna yana rage faruwar jijjigar da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki, amma maganin bai iso ƙananan asibitoci ba. Ma'aikata na tsoronsa, ana cewa sai inda ke da ɗakin kulawa ta musamman. A 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci 10 na gwamnatin jihar Kano, da tallafin ƙungiyar Population Council, Dokta Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano na cikin jagororin aikin. Aka horar da likitoci da ungozomomi, aka manna ƙa'idar a bango. Kafin nan, cikin mata ɗari da aka kawo da wannan ciwo kusan 21 ke rasuwa. Bayan shigowar maganin adadin ya faɗo ƙasa da 3.

Ƙa'idar ba ta da wuyar riƙewa. Giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Kafin kowace allura ungozoma ta buga gwiwa ta ga tana harbawa, ta ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti, ta duba fitsari na fita. Ga ƙaramin asibitin da ba a iya sa ta jijiya, allurar ɗuwawu kaɗai, giram 10, ta isa ta riƙe mace har a kai ta gaba. Wannan shi ne abin da ya fi shafar Ƙaraye da Rogo. A ce mata biyu ne, ciwo ɗaya, hanya ɗaya. Ɗaya an rubuta mata takarda an ce maza ku wuce babban asibiti, ta yi ta faɗuwa a bayan mota har sau biyar kafin a isa. Ɗayar an tsaya minti goma an yi mata allurar farko, an ba ta maganin sauke hawan jini, an rubuta lokacin a takarda, sannan mota ta tashi. Sau da yawa abin da ya raba mai rai da gawa ke nan. Dangi kan ƙagu, miji na cewa, Malama, ki bar mu mu tafi mana. Ungozomar kirki takan ce, Malam, yi haƙuri, tafiyar ce nake gyara muku.

Maganin ƙarshe na jijjiga dai shi ne a raba uwa da cikin, ko ta hanyar tayar da naƙuda ko ta aiki. Kuma ba ta ƙarewa da haihuwa: tana iya kama mai jego kwana ɗaya ko biyu bayan ta sauka, lokacin da kowa ya saki jiki ana ta barka.

Doguwar naƙuda

Nan kunya ke shigowa. Mai cikin fari da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta ba ta son a ji bakinta, jarumta ita ce a wayi gari a ga ɗa. Sai ta ɓoye ciwo tun magariba. Da aka farga, sai a ce zaƙi ne, a jiƙa saiwoyi. Can kuma a ce a jira maigida ya dawo daga kasuwar Zarewa ko daga ci-rani, domin ba a fita da matar mutum ba da izininsa ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, amma kafin a yarda ranar ta zo, an ci awa ashirin.

Kan ɗa in ya daɗe a maƙale, yana danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube, fitsari ya fara bin ƙafa. A Zariya, wani nazari na 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari ya samu cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri, wato a sa aska a tsaga gaban mace da sunan buɗe hanya. Cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano da asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana ɗinki tun farkon shekarun 1980, sun gyara dubban mata. Shi ne kuma ya nuna cewa in aka sa wa mace robar fitsari da wuri aka bar ta makonni, wasu ƙananan ramukan kan rufe da kansu ba tare da aiki ba. Wannan ma aikin ungozoma ne, robar kuma ba ta kai kuɗin kaza ba.

A ɗakin haihuwa, makamin ungozoma takardar bibiyar naƙuda ce. Duk bayan awa huɗu ta duba buɗewar bakin mahaifa, duk rabin awa ta saurari bugun zuciyar ɗa, ta diga a takarda. In layi ya karkace, ta san wannan haihuwar ba tata ba ce, ta likita ce, tun uwa na da ƙarfi ɗa na da rai. Sanin abin da ya fi ƙarfinka da wuri, rabin gwaninta ne a wannan aiki. Wahalar ita ce mace ɗaya ba ta iya cika takarda ga mata uku a lokaci guda, tana kuma ba da katin awo da safe.

In ɗa ya fito bai yi kuka ba, minti ɗaya ake da shi. A goge shi da ƙarfi da tsumma mai tsabta, in bai numfasa ba a sa masa 'yar jakar hura iska. Jarirai da yawa da ake cewa sun zo ba rai, da ransu, numfashin farko ne ya gagare su. Riƙe su ta ƙafa a girgiza ko a watsa musu ruwan sanyi ba ya tayar da su.

Bayan suna

Akwai wani ciwo da ƙasar Hausa ta yi suna da shi a litattafan likitanci na duniya: zuciyar mai jego ta kumbura ta gaza. Wata ɗaya ko biyu bayan haihuwa mace ta fara haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta barci. A shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, sun ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wani nazari a Sakkwato a 2007 ya samu mace ɗaya cikin kimanin haihuwa ɗari. An daɗe a kan wannan fahimta, sai likitan zuciya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka tattara bayanan marasa lafiya daga asibitoci da dama a faɗin Nijeriya. Su ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da waɗannan al'adu ba. Abin da suka gani shi ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jinin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Wannan bai wanke kanwa ba, domin gishirin da ke cikinta ba abokin mai hawan jini ba ne, ruwan da ya wuce kima a zafi kuma yana ƙona mata. Amma ya nuna cewa faɗa da tukunyar wanka kaɗai ba zai kawar da ciwon ba. Ga ungozoma darasin a fili yake: mai jegon da ta dawo da haki ba gajiyar haihuwa ke damunta ba, a tura ta a duba zuciya. Haka wadda ta zo da zazzaɓi da ciwon mara da jini mai wari, wannan ƙwayoyin cuta ne suka shiga mahaifa, allurar kashe su take bukata a ranar, ba ƙarin ganyen darbejiya a ruwan wanka ba.

Wa zai kwana a asibitin?

Duk abin da aka lissafa a sama ya rataya ne a kan mutum ɗaya da za a tarar a farke da ƙarfe biyun dare. Nan ne kuma aka fi rauni. Gwamnatin Kano ta ayyana kula da masu ciki kyauta tun 2001. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a ƙarshen 2009, aka kwaso sababbin da suka gama makaranta da waɗanda suka yi ritaya aka rarraba su ƙauyuka. Shirin ya yi tasiri da farko, sannan ya yi sanyi, domin alawus ya riƙa maƙalewa tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, gidajen kwana babu, da yawa kuma an kai su inda ba su jin harshen mutane. Matar aure da 'ya'yanta ke makaranta a Kano, in aka tura ta ƙauyen da ba ruwa ba wuta, za ta zo Litinin ta koma Alhamis, in ma ta zo. Naƙuda kuwa ba ta san ranar aiki ba.

Maganin da ya fi kama hankali shi ne wanda shirin Women for Health ya gwada daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe: a ɗauko 'yan matan ƙauyen da kansu, a yi musu shekarar share fage su cike gibin sakandare, su shiga makarantun ungozoma irin na Ɗambatta, da alƙawarin za su koma garinsu. 'Yar Kafin Dabga da ta yi karatu ta dawo ta yi aure a Kafin Dabga ba ta bukatar gidan ma'aikata, kuma tsohuwar da za ta yi wa baƙuwa gardama ba za ta ƙi jin 'yar ƙanwarta ba. Amma wannan sai yarinya ta gama sakandare da kimiyya, abin da ke mayar da maganar ɗakin haihuwa zuwa ajin 'yan mata, kamar yadda Harrison ya faɗa tun shekara arba'in da suka wuce. Su kuwa tsofaffin ungozomomi, korarsu kuskure ne. Su ake fara kira, su ke da bakin magana a tsakar gida. Wadda aka koya wa alamomin haɗari, aka mutunta ta in ta rako mace asibiti maimakon a harare ta, ta fi kowace sanarwar rediyo kawo mata.

A Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin fiɗa kyauta ga mata marasa galihu, cikin wani shiri da ya nufi ƙananan hukumomi 172 da suka fi yawan mutuwar masu haihuwa. Abu ne mai kyau, domin tsoron kuɗin aiki na cikin abin da ke sa a kwana ana shawara. Sai dai aiki kyauta yana amfanar wadda ta iso ne da sauran numfashi, kuma aka samu jinin da za a ƙara mata.

Jinin nan shi ne abin da ba a saya a kemis. An iso asibiti lafiya, likita na nan, sai a ce a kawo leda biyu. Waɗanda suka rako ta tsofaffin mata ne biyu da direba. Miji in yana nan, ko jininsu bai zo ɗaya ba, ko ya ce bai ci abinci ba, ko yana tsoron gwajin da za a yi masa. A wasu jihohin Arewa, har da Kano, an gwada abubuwa uku da ba sa cin kuɗin gwamnati: direbobin ƙungiyar NURTW da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare a kan kuɗin mai kawai, asusun unguwa na ko-ta-kwana, da izinin dindindin da miji ke bayarwa tun ciki na ƙarami, a gaban mahaifiyarsa, cewa in abu ya taso a fita da matarsa ko ba ya gari. Na huɗun shi ne jerin samarin da aka riga aka gwada rukunin jininsu, da lambobin wayarsu a hannun mai unguwa da ma'aikaciyar asibiti. Masarautar da ke da ƙananan hukumomi biyu kacal, da hakimai da dagatai da limaman Juma'a da duk suka san juna, tana iya haɗa wannan jeri mazaɓa bayan mazaɓa kafin damina mai zuwa ta yanke hanyoyi.